Yadda Ake Tafiya da Mota Mai Ɗaki a Tsaunuka da Gandun Dajin Amurka

Tun da muka dawo daga gandun dajin Yellowstone na Amurka tambayoyi ba su yanke ba. Wani ya ce nawa muka kashe, wani ya ce da wane lasisi na tuƙa wannan ƙatuwar mota, wata 'yar uwa kuma ba ta ɓoye ba, ta ce ita ban-ɗakin ne damuwarta. Na gaji da ba da amsa ɗaya ɗaya, shi ya sa na zauna na tsara abin daga farko har ƙarshe. Motar da nake nufi ita ce wadda Amurkawa ke kira RV: gaba wurin direba, baya kuma gado, murhu, firji da makewayi. Hanyar da zan yi misali da ita ita ce wadda muka bi ni da uwargida da yara uku, daga birnin Salt Lake City zuwa gandun dajin Grand Teton, mu shiga Yellowstone, mu dawo. Kwana takwas, mil dubu da ɗoriya. Sunayen wurare na bar su yadda za ka gan su a allunan hanya.

1. Fara da wurin kwana, ba da mota ba

Yawancin mutane motar suke fara kamawa, sai daga baya su tarar babu inda za su ajiye ta. Ba a fafe gora ranar tafiya. A cikin waɗannan gandun daji haramun ne ka faka a gefen hanya ko a filin ajiye motoci ka kwana, jami'an daji za su tashe ka su kuma ci ka tara. Dole sai a sansanin da aka ware.

Lokacin da ya dace shi ne daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba. Kafin nan wasu hanyoyin na rufe saboda dusar ƙanƙara, a farkon Nuwamba kuma akan rufe yawancin hanyoyin Yellowstone. Sansanonin Grand Teton, irin su Gros Ventre da Colter Bay, ana kama su ta shafin intanet na Recreation.gov wata shida kafin ranar shiga. A Yellowstone, lokacin da muka je, abin ya kasu biyu: Madison, Canyon, Grant Village, Bridge Bay da Fishing Bridge ana kama su ta kamfanin da ke kula da masaukan gandun, shi kuma yakan buɗe kusan shekara guda kafin lokaci, sauran kamar Mammoth suna Recreation.gov.

Fishing Bridge kaɗai ne a duk Yellowstone yake da wuta da ruwa da magudanar ƙazanta a kowane gurbi, kuma ba sa karɓar tanti ko mota mai bangon tamfol saboda beyar. Kuɗinsa ya ninka na sauran sansanonin sau biyu ko fiye. Shawarata ka sa shi a tsakiyar tafiya, dare ɗaya ko biyu, kowa ya yi wanka mai kyau, a cika batir, a zubar da tanki.

Gargaɗi: kowane gurbi yana da iyakar tsawon motar da zai ɗauka. Idan an rubuta ƙafa 25 ka zo da mai ƙafa 30, babu wani a yi haƙuri.

2. Zaɓi ƙaramar mota

Ido zai so babba. Kada ka biye masa. Wadda ake kira Class C, mai gado a saman kan direba, mai tsawon ƙafa 22 zuwa 25, ta ishi mutum biyar idan uku yara ne. Duk ƙafa ɗaya da ka ƙara, ka rage wa kanka wuraren fakin da hanyoyin da za ka iya shiga.

Lasisin ƙaramar mota ya isa tuƙa irin wannan. Wanda ya zo daga wajen Amurka ya riƙe lasisinsa tare da na ƙasa da ƙasa, kuma ya tambayi kamfanin tun kafin ya biya ko za su karɓa. Akwai manyan kamfanonin haya irin su Cruise America da El Monte, akwai kuma Outdoorsy da RVshare inda kake haya kai tsaye daga mai motar. Galibi suna neman direba ya kai shekara 21, wasu 25, da katin bashi na banki don kuɗin ajiya.

Kuɗin da ka gani a talla ba shi ne kuɗin ba. A lokacin zafi dare ɗaya yakan kama daga dala 150 zuwa 300, sannan a ɗora kuɗin kowane mil, kuɗin awannin jenareta, inshora, haraji, da kuɗin kayan kicin da na shimfiɗa idan ba ka zo da naka ba. Ka lissafa mil ɗinka tun a gida ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar, don kewaye-kewayen cikin daji yana cin mil fiye da yadda taswira ta nuna. Mai kuwa, tamu galan ɗaya ba ya wuce mil tara, ka ga mil dubu ya haura galan 110.

Sai kuɗin shiga. Mota ɗaya dala 35 ce na kwana bakwai a Yellowstone, haka ma Grand Teton. Katin shekara mai suna America the Beautiful dala 80 ne ga mazauna Amurka. Daga Janairun 2026 an canza wa baƙi tsari: katinsu na shekara dala 250, wanda ba shi da shi kuma zai ƙara dala 100 a kan kowane mutum mai shekara 16 zuwa sama a manyan gandun daji 11, ciki har da waɗannan biyun. Idan kun kai manya biyu kuma za ku shiga duka biyun, katin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

3. Ranar karɓar mota

Ka ware awa biyu. Ma'aikacin zai so ya zagaya da kai a gurguje, kai kuma kada ka ji kunyar cewa ya sake. Ɗauki bidiyon duk abin da ya nuna maka: yadda ake kunna firji da gas, famfon ruwa, tukunyar ruwan zafi, jenareta, da inda makullin gas yake. Zagaya motar ka ɗauki hoton duk ƙarzuwa, har saman rufi da gilashin gaba da tayoyi. Tayoyin baya bibbiyu ne a kowane gefe, ka tabbata an duba iskar na ciki, don ta ciki na iya sacewa ba ka sani ba.

Kafin ka tashi, tambayi tsayi da faɗi da tsawon motar, ka rubuta su da manyan baƙi a takarda ka manna kusa da sitiyari. Irin wannan mota takan kai ƙafa 11 zuwa 12 a tsayi. Ranar da ka tunkari rumfar gidan mai ko gada mai allon gargaɗi, ba lokacin tuna lissafi ba ne.

Gwada na'urar da ke ƙara idan hayaƙi ko gas ya taru a ciki. Komai sanyin dare, ba a kunna murhun girki don ɗumama ɗaki.

4. Lodi da cefane

A Salt Lake City za ka yi babban cefane. Akwai masallatai da shagunan naman halal a can. Da ka bar garin sai dai kifi da ƙwai da kayan gwangwani, kuma farashin Jackson, garin da ke bakin Grand Teton, ba na talaka ba ne. Uwargida ta soya miyar tumatir da nama ta daskarar da su a robobi tun kafin mu tashi, wannan dabarar ta cece mu. Masu zuwa daga Najeriya ko Nijar, kada ku ɗauko kilishi ko dambun nama, kwastan na Amurka ba sa barin nama ya shiga.

Kaya masu nauyi a ƙasa, masu sauƙi a sama. Duk wata ƙofar kabad ka ji ta yi ƙas kafin a tashi. Mu a kwanar farko da muka sha, kwalbar yaji ce ta faɗo ta fashe, muka yi mil ashirin muna atishawa.

Ka riƙe safar hannu ta roba, tocila, katakan daidaita taya, buta biyu, rigunan sanyi ko da a watan Yuli ne, da taswirar takarda. Sabis ɗin waya kaɗan ne a cikin daji, saboda haka ka sauke taswira da jadawalin lokutan salla a wayarka tun kana gari. Alƙibla a wannan yankin arewa maso gabas take, ba gabas sak ba yadda muka saba. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, asuba kuma tun wajen ƙarfe huɗu, ka san yadda za ka tsara barcin direba.

5. Tsara hanya da ma'aunin motarka

Taswirar waya ba ta san abin da kake tuƙawa ba. Ita gajeriyar hanya ta sani. Daga Idaho Falls, garin da ke kan hanya daga Salt Lake City, zuwa Jackson tana iya bi da kai ta Victor ka haye Teton Pass, mai tsayin ƙafa 8,431, inda gangarar ta kai kashi 10 cikin ɗari, wato duk ƙafa ɗari da ka yi gaba ka sauka ƙafa goma. Hanyar ce wani sashenta ya zabtare a watan Yunin 2024 kafin a gyara. Hanyar da ta dace da kai ita ce ta Swan Valley zuwa Alpine, ka bi bakin kogin Snake har Hoback, ka shiga Jackson ta kudu. Ta ɗan fi tsawo amma ba ta da wannan masifar.

Wasu hanyoyin ma doka ce ta hana ka. Moose-Wilson Road a Grand Teton ba ta karɓar motar da ta wuce kimanin ƙafa 23. Idan kana da niyyar ƙarasawa Glacier a Montana, tsakiyar Going-to-the-Sun Road an haramta ta ga duk motar da ta wuce ƙafa 21 a tsawo ko ƙafa 8 a faɗi har da madubai, sai dai ka faka ka hau motar gandun. A Zion ta jihar Utah, ramin da aka haƙa cikin dutse tun 1930 ya yi wa motar da ta kai ƙafa 11 da inci 4 a tsayi kaɗan, kuma hukumar ta sanar da hana manyan motoci bin hanyar daga tsakiyar 2026. Beartooth Highway, wadda ta kai ƙafa 10,947 a arewa maso gabashin Yellowstone, kyakkyawa ce ƙwarai, amma ba ta sabon hannu ba ce.

A rana kada ka sa wa kanka fiye da mil 200, kuma ka isa sansani da sauran rana.

6. Hawa

Hawa ba shi da haɗari sosai, haƙuri yake so. Iska tana raguwa a sama, injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, yakan rasa kusan kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace ƙafa dubu. A kan tudun Yellowstone, inda tafkin kansa yake ƙafa 7,700 da wani abu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. Za ka ji motar tana kuka tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Ba lalacewa ta yi ba. Danna maɓallin Tow/Haul da ke jikin sandar giya, riƙe hannun dama, sa ido a kan allurar zafi. In ta fara hawa, kashe na'urar sanyi. In ta ci gaba, nemi wuri ka tsaya ka bar injin yana aiki a hankali har ta sauko. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafi.

Idan motoci sun yi layi a bayanka, shiga wurin ratsewa na farko ka ba su hanya. A wasu jihohin, irin su Kalifoniya, doka ce idan sun kai biyar.

7. Gangara

A nan ne duk maganar take. Wanda ya taɓa sauko Hawan Kibo a bayan tirela, ko ya gangaro daga Mambila, ya san warin birkin da ya ƙone. Wannan motar ta fi tan biyar, gida ne guda a kan tayoyi, kuma birkinta ba zai iya riƙe ta shi kaɗai na tsawon mil biyar ko shida ba. Idan ka ɗora ƙafa a kai ka bar ta, zafi zai taru, man birki ya tafasa, ka taka ka ji kamar ka taka soso.

Ni kaina sai da na ɗanɗana. Duk abin da na faɗa a mataki na biyar, bayan na yi kuskuren na koye shi: na biye wa waya muka haye Teton Pass. Mun fara sauka ke nan ina ta lallaɓa birki a hankali a hankali, a zatona hakan ne taka-tsantsan. Can sai uwargida ta ce, "Malam, wannan warin fa? Kamar roba na ƙonewa." Na taka na ji ƙafata ta nutse fiye da da. Allah ya taimake mu akwai wurin ratsewa a gaba kaɗan. Muka fito, tayar gaba tana fitar da hayaƙi siriri, zafi na bugun fuska tun daga taku biyu. Babban yaron ya ɗauko buta zai watsa ruwa, yadda ya ga ana yi a gida, na riƙe hannunsa. Minti arba'in muka yi zaune a kan dutse, ba mai cewa uffan.

Ga yadda ake yi:

Rage gudu tun kana saman tudu, kafin gangarar ta fara. Duk inda ka ga allo mai ruwan ɗorawa da hoton babbar mota a kan gangara, da lamba kamar 6% ko 8%, umarni ne gare ka.

Sauke giya zuwa ta uku ko ta biyu, a wuri mai tsanani har ta ɗaya. Tsohuwar ƙa'idar direbobi ita ce giyar da ka hau da ita, da ita ko wadda ke ƙasa da ita za ka sauka. Injin zai yi ƙara sosai, bar shi, aikinsa yake yi, shi ne ke riƙe motar.

Zaɓi gudun da ba za ka wuce ba, a ce mil 30 a awa. Idan allura ta kai 30, taka birki da ƙarfi na 'yan daƙiƙu har ta dawo 25, sannan ka ɗage ƙafa gaba ɗaya ya sha iska. Ta sake kai wa 30, ka maimaita. Idan ka ga kana takawa a kai a kai ba hutu, giyarka ta yi sama, rage gudu ka ƙara saukewa.

Rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. Motar doguwa ce a sama, ga ruwa yana kai-komo a tanki.

Gargaɗi: kada ka taɓa sa ta a firi don tsimin mai. Kada ka watsa wa birki mai zafi ruwa, faifan na iya lanƙwashewa ko ya tsage. Idan ka tsaya don ya huce, nemi wuri mai laushin gangara, sa giya a P, tare tayoyi da katako ko dutse, kada ka ja birkin hannu a kan ƙarfe mai zafi. Idan kuma birki ya ƙwace ɗungurungum, akwai wuraren da aka tanada a gefen wasu gangarorin don tsayar da motar da ta kubce. Gara motar ta lalace a can.

8. Kwana, ribas da gidan mai

Bayan motar ya zarce tayoyin baya da nisa, saboda haka idan ka karya dama, gindinta yana fita hagu. Yawancin ƙarzuwar da ake caje wa masu haya a gidan mai ake samunta. Buɗe kwana sosai, kuma kada ka yi ribas sai wani ya sauka ya tsaya inda kake ganinsa a madubi. Da ka daina ganinsa, tsaya.

Kafin shan mai kashe firji da tukunyar ruwan zafi da duk abin da ke da harshen wuta. Tabbatar fetur take sha ko dizal. Idan tanki ya kai rabi ka cika, don akwai gidajen mai a cikin Yellowstone amma da tazara da tsada, kuma jenareta yakan daina aiki idan mai ya sauka zuwa kwata.

9. A sansani

Daidaita motar da katako har ta tsaya sak. Irin firjin da ke aiki da gas ba ya son karkata, kai ma ba za ka so barci kai a ƙasa ba. Jenareta yana da lokacinsa, a sansanonin Yellowstone da aka yarda da shi daga takwas na safe zuwa takwas na dare ne. Shinkafa za ta ɗauki lokaci fiye da yadda aka saba, domin a wannan tsayin ruwa yana tafasa tun bai kai zafin da yake kai wa a ƙasa ba. A ƙara ruwa a ƙara haƙuri. A sha ruwa da yawa, ciwon kan kwana biyun farko yawanci na tsayin wurin ne.

Beyar tana da hanci fiye da kare. Abinci, tukunya, shara, man goge baki, turare, har daddawa da busasshen kifi, babu abin da zai kwana a waje. Doka ta ce ka bar yadi 100 tsakaninka da beyar ko kyarkeci, yadi 25 tsakaninka da ɓauna da sauran dabbobi. Ɓaunar can tana kama da saniyar da ta ƙoshi ta kwanta, amma ta fi mutum gudu nesa, kuma ta raunata mutane a Yellowstone fiye da kowace dabba. Idan za ku shiga daji da ƙafa ku sayi feshin korar beyar, sai dai ba a hawa jirgi da shi. A wuraren maɓuɓɓugan ruwan zafi kuwa, riƙe hannun yaro, kada kowa ya sauka daga kan katakon da aka shimfiɗa. Ƙasar ɓawo ce kawai a kan tafasasshen ruwa.

Wuraren kallo irin su Old Faithful da Grand Prismatic, ka isa kafin tara na safe ko bayan biyar na yamma, in ba haka ba babu inda za ka sa wannan motar.

10. Tankuna uku

Ga amsar 'yar uwata. Akwai tankin ruwa mai tsabta, da na ruwan wanka da wanke-wanke, da na ban-ɗaki. Mu masu buta da alwala sau biyar, ruwanmu yana ƙarewa da wuri, tankunan ƙazanta kuma suna cika da wuri fiye da lissafin da kamfani zai ba ka. Mu duk kwana biyu muke zubarwa. Inda sansani ke da ban-ɗaki, a yi amfani da shi da rana, a bar na mota don dare.

A wurin zubarwa: sa safar hannu. Haɗa babban tiyon a jikin mota ka murɗa har ya kama, sa ɗaya bakin a ramin ka danne shi da dutse ko ƙafa. Ja hannun tankin ban-ɗaki tukuna. Ya gama, rufe. Sannan ja na ruwan wanka, shi zai wanke tiyon. Rufe, cire, ɗauraye, mayar. A ƙarshe zuba ruwa kamar buta uku da maganin tanki ta cikin masai.

Gargaɗi: famfon da ke bakin ramin ba na sha ba ne, kuma tiyon ruwan sha daban yake, kada su taɓa haɗuwa a wuri ɗaya. Ko kana Fishing Bridge inda tiyo ke haɗe dare da rana, bar tankin ban-ɗaki a rufe sai ya kusa cika. Idan ka bar shi a buɗe ruwan zai tsiyaye, sauran ya daskare a ciki. Ban da takardar da aka ba ka, kada a jefa komai a masai.

11. Mayar da mota

Daga West Yellowstone, garin da ke ƙofar yamma ta gandun, zuwa Salt Lake City mil 320 ne ko kusa da haka, kuma yawancin kamfanoni da safe suke son motarsu. Kada ka yi wannan tafiyar a ranar. Kwana a kusa da gari. Da safe zubar da tankuna biyun, cika mai daidai yadda ka karɓa, duba abin da takardar haya ta ce game da gas, share ciki, kwashe firji. Ɗauki hoton allon mil da na awannin jenareta da duk jikin motar, kuma kada ka miƙa makulli sai ma'aikaci ya zagaya tare da kai ya sa hannu. Ni an so a ɗora mini wata tsaga a madubin dama, sai na buɗe bidiyon ranar farko, ga ta nan a minti na biyu. Kuɗin ajiya ya dawo cikin mako guda.